Ashirin da Biyu

Asabar, 4 ga Nuwamba, da la'asar

Jirgi mai saukar ungulu ya tafi da jikata Maleta ƙarfe uku da wani abu. Uwarta, 'yata Seriba, ta bi ta. Ni an bar ni a fili da hularta a hannu, ban ma san wanda ya miƙo mini ba.

Na ce musu su mayar da ita ruwa. Haka muke yi a zamaninmu idan zurfi ya kama mutum: a sake saukar da shi, a rataye shi a tsakiyar ruwa, a riƙa ɗago shi kaɗan-kaɗan har ciwon ya sake shi. Malamar asibitinmu ta kira ni yadda muke kiran kaka a nan, ta ce, "Ata, an daina wannan." Na ce teku ma an daina ta ne?

Mijinta ya ce da ta fito daga nutso da ƙafarta ta hau kwalekwale, har dariya ta yi masa. Kafin su iso gaɓar tsibirinmu Erub ta ce ƙafafunta sun yi mata nisa.

Wannan littafin na sunaye ne. Marigayiya matata Ketura ce ta koya mini haruffa bayan na yi furfura, don in rubuta mutanenmu da teku ta riƙe a zamanin ɓawon lu'ulu'u, kowa da inda ya tsaya. Su talatin da bakwai. Na juya littafin ta baya na fara wannan, don kada sunanta ya kusanci nasu.

Lahadi, 5 ga Nuwamba, da rana

An yi mata addu'a a coci. Kowa na kallona kamar ni ne marar lafiyar.

Seriba ta bugo daga asibitin birnin Townsville. An sa yarinyar a wata gangar ƙarfe, an matse ta da iska awa biyar. Na ce to ai abin da na faɗa ke nan, sun mayar da ita zurfi, sai dai a kan tudu. Seriba ta ce, "Baba, don Allah." Ta kashe.

Mijin Maleta bai samu wuri a jirgin ba. Tun safe yake wanke tukwanen iskar nan da take nutso da su a bakin famfo. Ya wanke, ya jera, ya sake wankewa. Ba na kiran sunan suruki, a takarda ma ba zan kira ba.

Litinin, 6 ga Nuwamba, da hantsi

Shekara bakwai ke nan da tukwanen suka shigo gidan nan. Masu gadin teku ne suka kai Maleta birnin Cairns wata guda, ta dawo da takarda da baƙar rigar roba da ƙafafun agwagwa. Daga ranar komai na gidan ya koma bin ruwa. Abinci sai an duba cikowa da janyewa. Baranda inda Ketura ke saƙa tabarma ta zama ma'ajiyar tukwane. Mijinta ya bar aikin hanya ya koma tuƙa mata kwalekwale. Seriba, da ba ta taɓa damuwa da iska ba, ta zama mai tsayawa a ƙofa tana karanta gajimare. Ko bikin ƙanwarta a tsibirin Waiben Maleta ba ta je ranar farko ba, wai wanda ya nutse ba ya hawa jirgin sama sai ya kwana.

Ni abu ɗaya na ce tun farko, kuma ban janye ba. Ba igiya. Mutum ya sauka ƙarƙashin teku ba abin da ya haɗa shi da na sama, iskarsa a bayansa, shawararsa a kansa. Mu da, mai nutso yana ƙasa da kwalkwalin tagulla, mai riƙo yana sama da igiya a tafin hannu. Ja ɗaya: ina nan lafiya. Biyu: a ƙara mini igiya. Huɗu: a jawo ni. Ta san wannan sarai. Tana 'yar shekara biyar nake ɗaura mata zare a babban yatsan ƙafa, ta shiga ruwa a bakin tarkon kifinmu na duwatsu, ni ina zaune ina riƙe. Biyu kawai take ja. Kullum biyu.

Da na yi mata maganar igiya bayan ta dawo daga Cairns, cewa ta yi, "Tsohon kunkuru, kai dai so kake a ba ka aiki."

Talata, 7 ga Nuwamba, da safe

Teku lumui, ko ganye ba ya motsi. Na ce ashirin da biyu. Abin da na ce ke nan.

Laraba, 8 ga Nuwamba, bayan tashin jirgin rana

Mijinta ya samu kujera, ya tafi. Kafin ya wuce ya zo ya durƙusa a bakin matakala, jaka a kafaɗa. Ya ce likitoci sun karanta agogon hannunta mai auna zurfi, ya nuna arba'in da ɗaya. Ya ce ita kuwa da safen nan ta ce masa mita ashirin da biyu ne, Ata ya faɗa, minti ashirin za ta fito, tukunya ɗaya ta isa. Ya ce a kan tudun murjani na ƙarƙashin ruwa ya jefa anga, ƙarfen tsayar da kwalekwale, wurin gangare ne, daga nan ta bi shi ƙasa. Ya yi ta juya hula a hannu, sannan ya ce:

"Ata, ko wurin muka kuskure?"

Na ce, "Ƙila."

Ya yi godiya. Godiya ya yi mini.

Alhamis, 9 ga Nuwamba, da la'asar

Na kasa zama. Na je tarkon duwatsu na gyara inda bai lalace ba. Na kwashe tukwanen daga baranda na kai bayan gida, na ga barandar ta yi faɗi da yawa, na dawo da su.

Bari in rubuta na Gesa, tunda shi ne na goma sha tara a ɗaya gefen littafin.

Yayana ne. Shekararsa ashirin da huɗu, ni sha takwas, ni ke riƙe masa igiya. Muna bakin babban zurfin nan na gabas da mu, inda ɓawo ke da kauri. Bututun iskarsa ya sarƙe a murjani. Ya ja huɗu, na ja, abin ya ƙi. Ya sake jan huɗu. Daga nan sai igiyar ta yi nauyi irin na abu, ba na mutum ba. Ya jefar da kwalkwali ke nan ya nemi sama da numfashin ƙirjinsa, bai iso ba. Har faɗuwar rana muna nema. Kyaftin ɗin jirginmu ya ba ni wuƙa ya ce igiyar taka ce. Na yanke. Guntun da ya rage a hannuna yana cikin gwangwanin shayi har yau.

Ba gawa, ba kabari, ba dutse. Uwarmu ta mutu ba ta ga an yi masa bikin buɗe dutsen kabari ba. Shekara sittin da ɗaya.

Juma'a, 10 ga Nuwamba, ƙarfe goma

Seriba ta bugo. Sau shida ke nan ana sa ta a gangar. Hannuwa lafiya, kai lafiya, baki kuwa ya fi da. Daga ƙugu zuwa ƙasa shiru.

Seriba ta ce ta hana mijin shiga ɗakin. A kujerar baranda yake wuni. Ta ce shi ya tuƙa, shi ya jefa anga, shi ya bar mace ta sauka ita kaɗai ranar da ba ta aiki ba. Ta ce ko ya kai ta inda ba nan ba ne, ko bai duba ba, duk ɗaya. Maleta na cewa ba laifinsa ba ne, amma ai dole ta kare shi.

Na ce ruwa ya janye sosai yau, har an ga ƙafar tsohuwar gada.

Asabar, 11 ga Nuwamba, da hantsi

Mako guda.

Shekara bakwai Maleta tana roƙona alamun wurin da Gesa ya tsaya ina hana ta. A watan jiya ne muna zaune muna maganar buɗe dutsen kabarin Ketura da za a yi kafin Kirsimeti, tana kankare kwakwa, ta ce ba daidai ba ne kakarta ta samu dutse da yadudduka da rawa, Gesa yana can ba ko tsinke. Ta ce kwalkwalin tagulla ba ya ruɓewa. Idan ta same shi, ko ƙusa ɗaya ta ɓallo, a binne, a kafa masa dutse kusa da na Ketura, a buɗe su rana ɗaya.

Na ce a'a. Ta ci gaba da kankara. Na ce a'a sau uku, ba ta ma ɗago ba. Sai na ji bakina yana faɗa mata: dutsen da za ta sa a bayanta, tsinin yashin da za ta saita da wancan tsibiri, lokacin da igiyar ruwa ke kwantawa. Ta goge hannu ta rubuta a waya. Ta ce, "Zurfin fa?"

Na ce ashirin da biyu.

Ta ce, "Shi ke nan? Wasan yara." Na ji haushin wannan maganar, na tashi na shige ɗaki. Da ban ji haushi ba, da na zauna.

Litinin, 13 ga Nuwamba, da rana

Na ɗauki igiyar anga na kai bakin yashi. Na auna ta yadda muke aunawa, gaba-gaba, hannu biyu a buɗe daga yatsa zuwa yatsa. Ɗaya, biyu, har ashirin da biyu. Na ƙulla. Na shimfiɗa ta a miƙe. Na je wurin kafintan hukuma na aro tef ɗinsa na awo. Ya ce me zan gina, na ce ba ruwansa.

Litinin, bayan awa ɗaya

Arba'in. Da ɗan abu.

Talata, 14 ga Nuwamba, da safe

Na sake aunawa. Hannuna bai gajarce ba.

Ba wanda ya taɓa auna teku da mita a gabana. Mita ta yadi ce, ta katako ce. Teku gaba ce tun kakanninmu, har Japanawa da Malayawan da muka yi aiki tare da su gaba suke cewa. Wanda ya tambayi zurfi aka ce masa ashirin da biyu, ya san ashirin da biyun me ake nufi. Ita ce ya kamata ta tambaya. An kai ta makaranta har Cairns, ba a koya mata tambaya ba?

Na karanta abin da na rubuta. Na bar shi, don in riƙa ganin irin mutumin da ya rubuta shi.

Alhamis, 16 ga Nuwamba, da la'asar

A ƙofar kanti tsofaffi na zaune. Bala Kiwat (bala ɗan'uwa ne a bakinmu), wanda muka yi jirgi ɗaya da shi, ya ce yaran yanzu da na'urorinsu, a ba su alama a tafin hannu ma sai sun ɓata. Ya ce wancan yaron direban motar yashi ne, wa ya ce masa teku hanya ce? Aka yi dariya kaɗan. Ya juyo ya ce, "Ko ba haka ba, bala?"

Na gyaɗa kai.

Na sayi sukari, alhali akwai sukari a gida.

Asabar, 18 ga Nuwamba, da hantsi

Maleta da kanta ta bugo.

"Tsohon kunkuru, ka ci abinci?"

Na ce na ci. Ta ce ƙarya nake, ta san muryata idan cikina wayam ne. Ta ce an soka mata allura a tafin ƙafar dama ta ji, har ta zagi likita. Ta hagu ko a jikinta. Ta ce abincinsu kamar jiƙaƙƙiyar takarda, idan ta dawo sai na dafa mata doya da dankali a madarar kwakwa tukunya guda ita kaɗai. Ta tambayi kajinta. Ta tambayi ko an ja wa mai sassaƙa dutsen kakarta kunne, kada ya rubuta sunan ba daidai ba.

Ba ta ce komai a kan lamba ba. Na jira, na ba ta wuri har sau biyu. Ba ta ce ba.

Da ta zage ni da na samu barci.

Lahadi, 19 ga Nuwamba

Ban je coci ba.

Litinin, 20 ga Nuwamba, da rana

Seriba ta ce ta yanke shawara. Surukai ne ke ɗaukar aikin buɗe dutse, su gina, su lulluɓe, su raba abinci, kowa ya sani. Ta ce shi ba zai taɓa dutsen uwarta ba. Za ta gaya wa manyan dangi su cire shi, kuma idan an sallami Maleta ɗakinta na da za ta koma, ba nasa ba. Ta ce, "Kai ne babba, Baba. Kai za ka faɗa musu."

Mutumin da aka cire daga dutse a tsibirin nan ya gama zama. Ko ba a kore shi ba, zai tafi.

Na ce zan yi tunani.

Talata, 21 ga Nuwamba, da safe

Iskar arewa ta fara taɓa ganyen kwakwa. Na buɗe gwangwanin shayi, na rufe. Na buɗe.

Ranar Gesa wuƙa aka ba ni aka ce igiyar taka ce. Wannan ma tawa ce.

Laraba, 22 ga Nuwamba, ƙarfe tara

Na je ofis na ce a nemo mini kujera a jirgin sama. Yarinyar ofishin ta zaro ido, ta ce Ata, kai da ka rantse ba za ka hau abin da ba ya iyo ba? Na ce ta rubuta sunana ta bar surutu.

Jirgi uku za a canza. Na sa rigar coci a jaka, da littafin nan, da gwangwani.

Asabar, 25 ga Nuwamba, da la'asar, Townsville

Zan rubuta shi yadda ya faru.

Na sami mijin Maleta a barandar asibiti kan kujerar roba, ya rame, gemu ya fito. Ya miƙe zai karɓi jakata. Na ce, "Kai, biyo ni." Ya ce an hana shi. Na ce ban tambaye shi ba.

Maleta na kwance, an tayar mata da kai. Ta ce, "Lallai kunkuru ya yi fiffike." Seriba ta ga wanda ke bayana, ta miƙe, ta buɗe baki. Na ce ta zauna. Ban taɓa yi mata wannan muryar ba tun tana yarinya, ta zauna.

Na tsaya a ƙarshen gado na buɗe hannuwana iyakar buɗewarsu. Kafaɗata ta yi ƙara. Na ce:

"Wannan ita ce ɗaya. Irinta ashirin da biyu na ce. Ban ce mita ba, ban kuma ce gaba ba, lambar kawai na jefa mata na tashi. Yaron nan bai kuskure wuri ba. Daidai inda na faɗa ya kai ta. Ya tambaye ni, na ce masa ƙila."

Na kasa sauke hannuwan. Haka na tsaya kamar shanya.

Seriba ta ce tun yaushe na sani. Na ce tun ranar Laraba ta farko, kafin in auna ma na sani. Ta ƙirga kwanakin da yatsu a kan cinyarta, ina kallo. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Kwana goma sha bakwai yana kan kujerar can, Baba."

Na ce e.

Sai Maleta ta ce in sauke hannu kafin a ba ni gado kusa da nata. Ta ce tun agogonta ya nuna ashirin da biyar ƙasa ba ta zo ba ta gane abin da ya faru, har ta yi dariya a cikin abin numfashi. Ta ce a nan ya kamata ta juyo, kowane ɗan koyo ya san haka. Ta ce, "Na ga duhun gangaren a ƙasana, na ci gaba. Wannan ba kai ba ne, Ata, ni ce. Kai ka ba ni lamba, taurin kan kuma gado na yi."

Na ce me ya hana ta faɗa wa uwarta. Ta ce ta faɗa mata nata rabon sau goma, ba a saurara ba. Nawa rabon kuwa ba ita za ta ɗauko mini ba.

Shi mijin ya bar bakin ƙofa. Ya matsa ya gyara mata bargo a ƙafa. Seriba ta kalle shi, ta janye kujerarta kaɗan don ya wuce. Iyakar abin da ta yi ke nan, amma na gani.

Ni ba ta kalle ni ba har na fito.

Lahadi, 26 ga Nuwamba, da hantsi

Na tambayi Maleta abin da na kasa tambaya jiya.

Ta ce kwalkwalin yana nan. A gindin wani dutse, ya kwanta a gefe, ya yi kore, murjani ya kama rabinsa, ƙananan kifi na shiga ta gilashin da ya fashe. Ko ƙusa ba ta ɓalluwa, ya zama dutsen wurin. Ta ce iskarta ta riga ta yi ƙasa, ta san ba ta da ta tsayawa a hanya. Duk da haka ta matsa ta ƙwanƙwasa shi da wuƙarta.

Na ce sau nawa.

Ta ce, "Ɗaya. A madadinka."

Na fita na tsaya a bakin taga. Motoci da yawa a garin nan, ban san inda suke zuwa ba.

Talata, 28 ga Nuwamba, da rana

An daina gangar. Likita ya ce abin da za ta yi ta yi, saura na jiki da lokaci. Ƙafar dama tana lanƙwasawa. Ta hagu ya ce ba zai yi alkawari ba.

Seriba ta bugo wa dangi ta ce a ɗaga buɗe dutse zuwa baɗi, kuma dutse biyu ne, surukai su shirya. Ba ta cire kowa ba. Ni har yanzu "Baba, ga shayi" ne kawai tsakaninmu.

Da malaman jinya suka gama juya Maleta a gado, na buɗe gwangwani. Guntun igiyar ya bushe, sai da na warware sili ɗaya. Na ɗaura a babban yatsanta na hagu, na koma ƙarshen gado na zauna, na naɗe bakin a yatsana. Ta ce, "Ka samu aikin dai." Na ce ta rufe ido ta yi shiru.

Na ja ɗaya.

Ba komai. Mijinta na riƙe da ƙarfen gado. Na jira yadda na saba jira, ba a gaggauta na ƙasa. Zufa ta fito mata a goshi.

Sai na ji shi. Ido ba zai gani ba, hannu ne ke ji, kamar ƙaramin kifi yana taɓa ƙugiya. Ɗaya. Na riƙe numfashi. Ga wani.

Na ɗago zan yi wa Seriba bayani. Ta ce, "Na ƙirga, Baba. Ni ma a gidanka na girma." Ta daɗe tana kallon silin. Ba ta kwance shi ba.

Talata, da la'asar

Na juya littafin ta gaba, na nemo na goma sha tara. Gesa, bakin babban zurfi, 22. Na ƙara kalmar da ta rage: gaba. Na bi sauran talatin da shidan ɗaya bayan ɗaya, na ƙara musu su ma.